A Auna Kafin A Saya: Darasin Masana'antun Kano Ga Masu Wasan Kwamfuta

Sanin kowa ne cewa da zarar bazara ta kama a Kano, wato daga watan Maris zuwa Mayu, akwai wani ƙorafi da kan yawaita a bakin samarin da ke wasa da kwamfuta. Za a ji yaro yana cewa injinsa ya tsufa, domin wasan ƙwallon da yake bugawa lami lafiya a watan Janairu yanzu ya koma yana cijewa. Ɗan wasa ya ɗauko ƙwallo, hoto ya tsaya cik, kafin ya sake motsi an riga an zura masa ɗaya a raga. Abin da kan biyo baya kuwa ba ɓoyayye ba ne. Sai a shiga matsa wa mahaifi ko yaya, ko a sayar da waya, a nufi Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a nemo katin hoto mai tsada. A dawo gida a ɗaura shi, a kunna, bayan minti goma sha biyar wasa ya koma cijewa kamar jiya. Kuɗi sun tafi, cuta tana nan.

Ra'ayin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, mafi yawan irin wannan asara ta samo asali ne daga rashin sanin yadda ake neman laifin inji, kuma wannan sani yana nan a Kano, nesa kaɗan da gidajen yaran, a hannun makanikai da injiniyoyin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bugu da ƙari, ya kamata malaman kimiyya na makarantun sakandare su daina kallon kwamfutar wasa a matsayin abokiyar gaba kawai, domin babu wani kayan gwaji a ɗakin kimiyya da ɗalibi zai so ya fahimce shi kamar ita.

Yadda ake neman laifin inji a masana'anta

Bompai ita ce mafi tsufa cikin unguwannin masana'antun Kano, tun zamanin Turawa aka fara kafa injuna a cikinta. Daga baya aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, aka kuma buɗe Challawa kusa da kogin da ta ci sunansa, inda manyan majemun zamani suka taru. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 in aka cire Legas babu garin da ya kai Kano yawan masana'antu a Nijeriya. Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, sai faɗuwar darajar naira da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadudduka daga waje suka dinga rufe masaƙu ɗaya bayan ɗaya. An sha yin magana a kan ayyukan da aka rasa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, kowace masana'anta da aka kulle makaranta ce aka kulle, inda yaro ke shiga yana leburanci ya fito ya san abin da ƙarar inji ke nufi.

A ɗauki injin buga bokitin roba, irin waɗanda har yanzu ke aiki a Sharaɗa. Ana narkar da ƙwayoyin roba, a tura narkakkiyar robar da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai siffar bokiti, a jira ta daskare, sannan mazubi ya buɗe bokiti ya faɗo. A cikin waɗannan matakai, jiran daskarewa shi ne yakan fi cin lokaci, shi ya sa ake zagaya ruwan sanyi ta cikin jikin mazubin. To, a ƙaddara injin da ke fitar da bokiti 120 a awa ya koma fitar da 90. Babu shugaban ma'aikata mai hankali da zai ruga ofis ya ce a yi odar sabon inji. Agogo zai ɗauka, ya tsaya ya auna daƙiƙun da kowane mataki ke ci, ya dafa bututun ruwa ya ji ko ya yi ɗumi, ya duba ko datti ya toshe matatar. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa: injin lafiyarsa lau, ruwan da ke sanyaya shi ne ya ɗauki zafin bazara.

Haka abin yake a majema. Idan gangunan jima suna iya gama fata dubu a rana, amma wurin shanya ba ya ɗaukar fiye da ɗari shida, to ɗari shida za su fita daga ƙofa, ko da an ƙaro ganguna goma. Wani masanin fiziya mai suna Eliyahu Goldratt ya gina littafi guda a kan wannan batu a 1984, sunansa The Goal, kuma tun 1967 injiniyan kwamfuta Gene Amdahl ya nuna da lissafi cewa gaggauta wani sashe na aiki ba ya amfani fiye da rabon da sashen yake da shi a cikin aikin gaba ɗaya. Mai kula da ganguna a Challawa bai buƙaci karanta ko ɗayansu ba kafin ya san haka.

Kwamfuta masana'antar hotuna ce

Abin da ido ke gani a matsayin motsi a kan allo, jerin hotuna ne marasa motsi da ake sauyawa da sauri. Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a kowane sakan, ƙa'idar da ta zauna tun ƙarshen shekarun 1920 da aka fara haɗa fim da murya. Talabijin ta da a Nijeriya tana nuna 25, saboda an daidaita ta da wutar ƙasar mai kaɗawa sau 50 a sakan, ta Amurka kuwa kimanin 30. Amma akwai babban bambanci tsakanin fim da wasa. Hotunan fim an riga an ɗauke su, nuna su kawai ake yi. Na wasa kuwa babu su sai a lokacin da ake buƙatarsu, domin kwamfuta ba ta san inda mai wasa zai juya ba sai ya juya. Dole ta ƙera kowane hoto nan take.

A nan ne lissafi ke da daɗi. Idan ana son hoto 60 a sakan, wanda shi ne abin da masu wasa suka fi nema, kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal, wato ƙasa da kashi 17 cikin dubu na sakan guda. Idan 30 ne, yana da milisakan 33.3. Allon da aka fi amfani da shi yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla ɗigo 2,073,600, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa. A ninka wannan sau 60, za a samu ɗigo fiye da miliyan 124 a kowane sakan. Wannan ita ce odar da ake bai wa masana'antar.

Ma'aikatan kuwa manya biyu ne. Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, wanda ke lissafa abin da ke faruwa a cikin wasan: ina ƙwallo ta nufa, wa ya taɓa wa, me 'yan wasan da ba mutum ke tuƙa su ba za su yi. In ya gama sai ya miƙa wa na biyu, wato katin hoto, wanda ke zana abin, ya sa inuwa da haske da ciyawar fili. Tsakaninsu akwai ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram, kamar teburin da ake baje kayan aiki a kai, can baya kuma akwai faifan ajiya, wanda shi ne sito. Duk wanda ya makara a cikinsu, hoto ya makara. Wanda ya sayi katin hoto sabo alhali furosesa ne ke jan ƙafa, ya ƙaro ganguna ne a majemar da wurin shanyarta ya cika.

Gwajin da ke raba wannan gardama ba ya cin ko kwabo. Da farko a kunna ma'aunin da ke nuna yawan hotuna a sakan. Wasanni da yawa suna da shi a ciki, akwai kuma manhajoji na kyauta irin su MSI Afterburner da HWiNFO masu nuna wannan adadi tare da zafin kowane sashe da yawan aikin da yake yi. A rubuta adadin a takarda. Sannan a shiga saitin wasan a rage ɗigon allo zuwa 1,280 da 720, wato ɗigo 921,600, ƙasa da rabin na farko. An sauke wa katin hoto fiye da rabin kayansa ke nan, ba a taɓa na furosesa ba. Idan adadin ya yi tsalle sama, katin hoto ne ke riƙe da aiki, kuma rage inuwa da ƙyale-ƙyalen zane zai taimaka. Idan adadin bai motsa ba, ko ya motsa kaɗan, to laifin yana wani wuri, kuma duk kuɗin da aka kai kasuwa don kati an zubar da su. Idan kuma adadin ya kafe daidai a kan 30 ko 60 ba ya gaba ba ya baya, akwai yiwuwar wani saiti ne ya ɗaure shi da gangan, ko kuma iyakar abin da allon ke iya nunawa ke nan. Wasan Doom na 1993, alal misali, an ɗaure shi a kan hoto 35 komai ƙarfin injin da aka sa shi.

Wani abin lura shi ne, matsakaicin adadi yana yaudara. Wasa na iya nuna 60, amma idan hoto guda ya ci milisakan 200 a daidai lokacin bugun fenariti, hannu zai ji wannan tsayawar ko da ma'auni bai nuna ta sosai ba. Irin wannan i'ina ta lokaci-lokaci takan fito ne daga ƙarancin ram, inda injin ke komawa sito yana ɗauko kaya a tsakiyar aiki, musamman in siton tsohon faifai ne mai juyawa.

Zafi, babban mai laifi a Kano

Duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Wannan ba ra'ayi ba ne, dokar adana makamashi ce da ake koyarwa a aji huɗu na sakandare. Kwamfutar wasa mai shan wat 300 zuwa 400 daidai take da ƙaramin risho da aka kunna a cikin ɗaki, kuma mafi yawan zafin yana fitowa ne daga 'yan gutsattsarin silikon biyu da faɗinsu bai wuce na kan sarki ba. Su kuwa waɗannan gutsattsari suna da iyaka. Furosesoshin zamani sukan kai maƙurarsu a wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin santigired, katunan hoto da dama kuma sukan fara ja da baya tun daga wajen digiri 83. Da sun kai nan ba sa ƙonewa, domin an gina musu dabarar kare kai: sai su rage gudunsu da kansu har zafin ya sauka. Mai wasa ba ya ganin wata sanarwa. Hoto kawai zai ga ya fara nauyi.

Alamar wannan cuta ba ta ɓuya ga mai lura. Injin yana aiki sumul a minti goma na farko, fanka ta fara kuka, sannan adadin hotuna ya dinga sauka. A kashe shi ya huta, a sake kunnawa, ya sake yin haka. Injin da ba shi da ƙarfi tun daga sakan na farko zai nuna rauninsa. Wanda ke farawa da kyau ya lalace daga baya, zafi ne ke damunsa.

Me ya sa abin ya fi tsanani a Kano? Tun ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18 Isaac Newton ya lura cewa saurin fitar zafi daga abu ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafinsa da na abin da ke kewaye da shi. A ɗauka iyakar furosesa digiri 90 ce. A ɗakin da iskarsa take digiri 20, irin wanda masu gwajin kayan nan a Turai suke zaune a ciki, tazarar digiri 70 ce. A ɗakin kwano a Sharaɗa ko Ja'en cikin watan Afrilu, inda iska ke kai digiri 40 ko ta wuce, tazarar ta koma 50. Hamsin cikin saba'in ya nuna cewa fanka ɗaya da ƙarfen tsotsar zafi ɗaya sun rasa kusan kashi uku cikin goma na ƙarfinsu ba tare da komai ya lalace ba. Yaron da ya kalli bidiyon wani Bature yana samun hoto 80 da irin injinsa, shi kuma yana samun 55, ba lallai ne an cuce shi a kasuwa ba. Ɗakunansu ne suka bambanta.

Sai kuma ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yakan ɗauko lallausan ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, ya sauke ta a kan komai. Kwamfuta kuwa tana shaƙar iska duk lokacin da take kunne. Ƙurar takan liƙe tsakanin siraran faifan ƙarfen da ke tsotsar zafi har ta zama kamar bargo. A unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antu ana ƙara mata hayaƙin manyan janareto da ƙurar tireloli. Amma a lokacin hunturu iska tana da sanyi, don haka ba a ganin illar. Sai bazara ta zo ta tarar da inji a toshe. Shi ya sa ƙorafin ke tashi a Maris, alhali laifin tun Disamba aka tara shi.

Maganin ba shi da tsada, sai dai yana son natsuwa. A zare waya daga bango, a buɗe murfi, a busa ƙurar da abin busa iska, a riƙe fanka da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Kada a kai injin wurin mai faci, domin iskar kwamfiresa takan zo da ruwa da mai. A guji buɗe akwatin da ke rarraba wuta a cikin injin, saboda akwai sassa a ciki da ke riƙe caji ko bayan an zare waya. Wanda kuma ya taɓa jin tartsatsi ya cije shi a hannun ƙofar mota lokacin hunturu ya san busasshiyar iska tana tara wuta a jikin mutum. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ram, don haka a fara taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin a taɓa abin da ke ciki. Akwai kuma wani mai kauri kamar man goge baki da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen tsotsar zafi don cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Bayan shekaru yakan bushe ya tsage. Yawancin injunan da ake shigowa da su na hannu ba a taɓa sauya musu shi ba, kuma kuɗin sabon bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin katin hoto mai kyau ba. Ita kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka da ake ɗorawa a kan katifa ko darduma, an toshe mata hanci ne, ana mamakin ta kasa gudu.

Batun wuta

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, cewa wasa yana nauyi ne saboda wutar da aka kawo ba ta da ƙarfi. Ba abin mamaki ba ne a yi wannan zato a garin da kowa ya saba ganin ƙwan fitila ya yi ja, fankar sama tana juyawa kamar mai jin barci, tun zamanin NEPA har zuwa bayan 2013 da aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Amma kwamfutar tebur ba fankar sama ba ce. Akwatin wutarta yana karɓar abin da ya zo daga bango, wanda ya kamata ya zama bolt 230, ya mayar da shi tsayayyen bolt 12 da 5 da 3.3. Muddin yana iya yin haka, injin zai yi gudunsa cikakke. Da ya kasa, injin zai mutu ne ko ya sake tashi da kansa. Babu rabin gudu a tsakani. Saboda haka wanda injinsa ke ɗaukewa ɗif da zarar wasa ya yi zafi, ya binciki wutarsa, ko ƙaramin janaretonsa da aka ɗora wa fanka da firji, ko kuma akwatin wuta mai araha da aka rubuta masa wat 500 alhali ba ya iya bayarwa. Wanda nasa ke nauyi kawai, ya nemi laifin a wani wurin.

Ga kwamfutar tafi-da-gidanka labarin ya ɗan bambanta, kuma a nan zaton mutane yana da ƙamshin gaskiya. Da wuta ta ɗauke sai ta koma kan batir, kuma an tsara ta ta rage gudun furosesa da katin hoto sosai don batirin ya jure. Haka ma in an haɗa ta da cajar da ba tata ba, mai wat 65 a inda ake buƙatar 150 ko fiye. Dillalai da yawa sukan haɗa wa mai saye duk cajar da bakinta ya shiga.

Sauran ƙananan laifuka ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai wanda zai sayi katin hoto ya ɗaura, ya bar wayar allo a tsohon ramin da ke jikin babban faifan injin, katin yana zaune ba ya aikin komai. Akwai wanda bai taɓa sabunta manhajar da ke tuƙa katin ba. Akwai ram sanda ɗaya a inda biyu za su buɗe hanya biyu. Akwai kuma wasannin sata da ake turawa a filashi, waɗanda wasunsu ke zuwa da ɓoyayyiyar manhaja mai amfani da injin mutum tana haƙo wa wani kuɗin intanet. A buɗe Task Manager ba tare da an kunna wasa ba. Injin da ke zaune amma yana nuna aiki kashi 60 cikin ɗari, wani yake yi wa bauta.

Wajibi ne kuma a raba nauyin hoto da jinkirin intanet, domin ana yawan cakuɗa su. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Daga Kano zuwa Legas akwai wajen kilomita dubu, wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010 daga Legas zuwa Fotugal kuma kilomita 7,000 ce. Zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, wato milisakan 80, kafin a lissafa tsaye-tsayen hanya da sauran tafiyar cikin Turai. Mai wasa da abokin karawa ta uwar garken da ke Turai zai ga 'yan wasa suna tsalle daga wuri zuwa wuri ko da injinsa na fitar da hoto 100 a sakan. Babu katin da ake sayarwa a duniya da zai rage nisan Fotugal.

Ba ana cewa ba a taɓa buƙatar sabon kaya ba ne. Wani lokaci gwaji zai nuna ƙarara cewa katin ya yi wa wasan kaɗan. Amma ko a nan awo yana da rana. Bayan Satumban 2022, da tsarin kuɗin Ethereum ya daina dogara da katunan hoto wajen haƙa, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin kayan hannu na duniya. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna a ciki. Kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Mai saye da ya ce a kunna masa katin a shago na rabin awa, yana kallon zafinsa da adadin hotunansa, da wuya a sayar masa da gawa.

Abin da ya rage ga malamai

Za a samu malamai da iyaye da za su ce wannan duk ɓata lokaci ne, yaron da ya kamata ya riƙe littafi ana koya masa yadda zai ƙara jin daɗin wasa. Damuwarsu tana da tushe. Akwai ɗaliban da wasa ya cinye musu dare har suka faɗi jarrabawa, kuma babu mai hankalin da zai musa haka. Sai dai hana magana a kan abin bai hana yaran yin sa ba, ya dai bar su a hannun dillalai da jita-jitar abokai. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibin da ya taɓa buɗe injin ya gyara da hannunsa ba zai zauna gabansa yana rawar jiki ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ɗabi'ar da aikin ke koyarwa: a rubuta adadi kafin a taɓa komai, a sauya abu ɗaya tak, a sake aunawa, a yarda da abin da ma'auni ya faɗa ko da ya saɓa wa abin da ake zato. Wannan ita ce hanyar kimiyya da ake haddacewa a babin farko na littafi, a rubuta ta a jarrabawa, a manta. Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977 don samar da likitoci da injiniyoyi, kuma sun samar. Amma ɗakunan gwaji a makarantu da dama yau ba su da sinadarai, ma'aunan sun karye, ana zana gwaji a allo da alli. Tsohuwar kwamfuta guda da manhajar awo ta kyauta sun isa a koyar da tafiyar zafi, da wat da bolt, da zana jadawali, da ma'anar matsakaici da yadda yake yaudara.

Masana'antun da suka rage su ma suna da rawar takawa. Shirin SIWES da hukumar ITF ta ƙirƙiro a shekarun 1970 yana kai ɗaliban jami'a da na kwalejin fasaha masana'antu, amma ɗan sakandare ba ya cikinsa, alhali a shekarunsa ne sha'awa ke kafuwa. Ziyarar yini guda ba ta fi ƙarfin kowace makaranta da ke Kumbotso ko Gwale ko Nassarawa ba. A kai 'yan aji biyar gaban injin bokiti a ba su agogo, su auna zagayensa da kansu, su tambayi mai kula da shi abin da yake fara dubawa in aiki ya ragu. Da yawa cikin waɗanda suka koyi aikin a zamanin da masaƙu ke gudu dare da rana sun manyanta, wasu sun koma gyaran janareto a bakin titi.

In an dawo makaranta sai a ɗauko kwamfuta ɗaya da wasa ɗaya, a zaɓi wuri ɗaya a cikin wasan. A rataye ma'aunin zafi a bango. Kowace Laraba da ƙarfe ɗaya na rana ɗalibai biyu su kunna injin na minti ashirin, su rubuta zafin ɗaki da zafin furosesa da adadin hotuna a minti na biyu da na ashirin. A fara a Janairu, kada a share ƙurar sai tsakiyar Afrilu, a auna rana guda kafin shara da rana guda bayanta. Littafin rubutu mai shafi arba'in ya ishi aikin har ƙarshen zango na uku.